Ɗaurin Aure a Ɗakin Ƙasa

Kujerun sun maƙale a kwanar matakala, ba gaba ba baya. Kosasih yana ƙasa ya tokare su da kafaɗa, Dadang ƙanen matarsa yana sama ya riƙe ɗaya ƙarshen, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Kujerun silima ne na da, a jere a kan dogon ƙarfe guda, irin waɗanda mazauninsu ke naɗewa da kansa da zarar mutum ya tashi. Duk sanda Dadang ya jijjiga su, sai wani mazauni ya buɗe ya ɗalli Kosasih a kunne.

"Kang Engkos, ai cewa ka yi ka auna," in ji Dadang. Engkos shi ne sunan da ake kiran Kosasih a gida, Kang kuwa yaya ne a yarensu.

"Na auna mana."

"Me ka auna?"

Kosasih ya ce, "Ɗakin."

Dadang ya tuntsire da dariya har ƙarfen ya kusa suɓuce masa. Ya ce ya daɗe yana dakon kaya da a-kori-kura a cikin Bandung, ya shigar da firji ta taga, ya sauke gado ta rufin gida, amma bai taɓa gamuwa da mutumin da ya auna ɗaki ya manta da hanyar shiga ɗakin ba. Kosasih ya ce ya rage surutu ya ɗaga ɓangaren hagu. Ya ɗaga. Ƙarfen ya ƙara cusa kai cikin bango, ɓarɓashin siminti ya zubo a kan hular Kosasih.

Matakalar daga cikin kicin ta sauka, saboda haka duk abin nan a kan idon Entin, matar Kosasih, ake yinsa. Tun asuba take kan tukunyar shinkafa mai kurkur. Yanzu ta ajiye ludayi ta zo ta leƙa ta saman kafaɗar ƙanenta.

"Kang, wa ke ɗauke da nauyin ƙarfen nan?"

"Dadang ne."

"Wallahi ba ni ba ne, Teteh," in ji Dadang, don haka yake kiran yayar tasa. "Ni rakiya kawai nake yi."

Entin ba ta ɗaga murya ba. Ta tuna wa mijinta cewa likitan da ya yi masa aikin zuciya ya hana shi ɗaukar ko bokitin ruwa, kuma likitan nan dai shi ne ya hana shi hawa jirgi. Ta ce in har zai iya ɗaukar kujerun silima a kafaɗa, da sai ya ɗauki kansa ya kai Japan su huta. Ita ma da maganar ta fita sai ta ji ta yi nauyi, ta goge hannu da gefen zani ta ce wa Dadang ya nemo itace ya tokare ƙarfen, mutumin nan ya janye kafaɗarsa.

Ranar ce ranar ɗaurin auren Nenden, 'yarsu tilo, wadda ke aikin jinya a gidan kula da tsofaffi a garin Hamamatsu na Japan. Angon, Gunardi, mutumin garin Kediri ne a nan ƙasarsu, yana aiki a masana'antar kayan babur a can Hamamatsu. An so a yi bikin a gida, hutunsu ya ƙi haɗuwa, sai aka tsayar da shawara a ɗaura a ƙaramin masallacin da 'yan ƙasarsu ke taruwa a can. Har Kosasih da Entin sun yi fasfo, sai ciwo ya kayar da shi a bakin shago. Entin ta ce ba inda za ta ta bar shi. Limamin can ya yarda uban amarya ya wakilta shi ta kiran bidiyo, amma da sharaɗi: sai ya ga fuskarsa, ya ji daga bakinsa, a gaban shaidu. Shaidun kuwa ma'aikata ne, ɗan lokaci kaɗan aka ba su kafin su koma bakin inji. Ga shi bayan Azahar za a ɗaura, Azahar ɗin Japan kuwa tana riga tasu shiga, da hantsi ya ɗaga sosai a Bandung za a kira.

Ɗakin ƙasan na Nenden ne a da. Gidan a gangaren tudu yake kamar sauran gidajen unguwar, ƙofarsa a kan titi, ƙasansa a binne cikin tudun, ba taga sai 'yar kafar iska. Tun tana sakandare ta ƙwace ɗakin, ta ce a can ne kaɗai rediyon mahaifinta ba ya isa. Da ta tafi sai ya zama wurin jibge tarkace, Kosasih kuma ya daina sauka. Bayan an sallamo shi daga asibiti, likita ya ce ya nemi abin da zai riƙa ɗebe masa kewa ba tare da wahala ba. Entin ta sayo masa tsuntsu a keji. Shi kuma ya ɗauki guduma ya sauka ƙasa.

Sana'arsa ta fari zanen allunan silima ce, a zamanin da ake zana fuskar jarumi da buroshi a rataya ta a gaban gini. Da injin buga hoto ya kashe sana'ar, ya koma rubuta sunayen shaguna da yi wa manyan motoci ado. Amma har gobe in ya wuce ta gaban tsohuwar silimar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, wadda aka mayar sito, sai ya rage tafiya.

Sharaɗin Entin ɗaya ne, kada ya taɓa kuɗin cefane. Bai taɓa ba. Kwalayen ƙwai ya roƙo a kasuwa, ya shafe su da baƙin fenti ya manne a bango don sauti ya zauna. Wani mai ba da hayar kayan biki ya bar masa tsofaffin yadudduka masu tabon miya, ya rina su ja a babbar tukunyar Entin, wadda har yanzu ba ta yafe ba. Majigin kuwa na wata makarantar darasin yamma ce da ta rufe, ya karɓe shi a madadin allon da ya rubuta wa mai ita na sabon shagonsa. Kujerun ne kaɗai suka ba shi wahala. Mai gadin siton ya yi ta ja masa rai, yau gobe, sai jiya da yamma ya aiko cewa a zo a kwashe a farashin tsohon ƙarfe kafin masu gwangwan su riga shi.

Dadang ya gwada sifana, notunan sun yi tsatsa sun zama ɗaya da ƙarfen. Ya zuba man kwakwa, ba su motsa ba. Ya ce babu makawa sai an kira Mang Didin mai walda ya raba ƙarfen biyu. Daga ƙasa Kosasih ya ce ba wanda zai sa zarto a kujerun da suka girmi Dadang. Ya ce a cire ƙofa, a fasa kwanar bango, ko a ɗaura igiya a gwada ta tsaye. Dadang ya ce tun ɗazu ƙofar a cire take.

Entin ta sunkuya ta yi magana ta tsakanin ƙafafun kujerun. "Kang, hanyar fita ɗaya ce, kuma kana bayanta. Ko a yanka, ko uban amarya ya ba da aure daga rami. Ka zaɓa, shinkafata za ta kama."

Aka kira Mang Didin. Lokacin da injinsa ya fara kuka, tartsatsi na sauka a matakala, Kosasih ya juya baya ya kama gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ba a jima ba aka sauko da kujerun gida biyu, a sauƙaƙe kamar ba su ne suka tsayar da gidan ba tun safe. Mang Didin ya yi tayin sake haɗa su. Kosasih ya tsaya ya dube su, rabi a dama rabi a hagu, ya matsa da baya, ya karkata kai. Sannan ya ce a bar su haka. Ya ce duk silimar kirki tana da hanya a tsakiya, kuma dama abin da ya yi niyya ke nan. Dadang ya buɗe baki, Mang Didin ya taka masa ƙafa.

Suna cikin jera benci da kujerun roba a bayan na silimar sai suka ji takun Entin. Tunda aka fara aikin ba ta taɓa saukowa ba, kullum ta ce gwiwa, shi kuma bai matsa ba. Ta sauko a hankali tana dafa bango. Kosasih ya yi sauri ya kashe farar fitila ya kunna ƙananan fitilun gefe, waɗanda ya tsinto a kasuwar gwanjo ya yi musu inuwa da gwangwanin madara da ya huhhuda.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Jan labule ya sauka tun daga rufi har ƙasa, an yi masa geza da igiya mai ruwan zinariya. A bangon dama da hagu akwai allunan da ya zana da hannunsa, jarumai masu gashin baki da mata masu ɗaurin gashi irin na da, duk daga kansa ya ƙirƙiro su, amma kowace mace a ciki hancin Entin gare ta. Rufin ya yi masa shuɗi mai duhu da 'yan taurari. A gefen ƙofa kuma ga ɗan akurkin sayar da tikiti, da 'yar taga mai baka.

"Wannan ba ƙofar kabad ɗina ba ce?"

"Ai kin ce ta lalace."

"Cewa na yi ka gyara ta."

"To ga shi na gyara."

Ta wuce shi ta je ta danna mazaunin kujera ɗaya, ta zauna. Ƙarfen ya yi ƙara irin tasa. Ta shafa hannun kujerar inda katakon ya yi sulɓi saboda hannayen mutane. Ta daɗe a haka. Kosasih yana tsaye yana jira kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa. Daga baya ta ce wurin yana warin fenti, a kawo fanka kafin baƙi su zo, kuma ya je ya yi wanka don shi ma yana wari. Amma ba ta tashi ba sai da ta ji Lilis tana sallama a sama.

Lilis matar Dadang ce, malamar firamare, ita ta ɗauki alkawarin kawo kwamfuta da haɗa kiran. Ta sauko tana yaba labule, ta ɗora kwamfutar kusa da majigi, ta haɗa, hoton ya fito fes a farin allo. Ta ɗaga kwamfutar sama, ta matsa kusurwa, ta hau benci. Ta zaro wayarta ta duba, ta karɓi ta Dadang ta duba.

"Kang, ka taɓa gwada intanet a nan ƙasa?"

Bai taɓa ba. Duk gwajin da ya yi da faifai ya yi shi. Akwatin intanet ɗin yana falo, a tsakaninsu akwai dakali na kankare da ya yi alfahari da kaurinsa tun ranar da aka zuba shi. Lilis ta ce ko ɗigon sabis babu, na gida da na waya duka. Dadang ya ce watakila kwalayen ƙwan ne suka shanye shi tare da sautin. Ba wanda ya yi dariya.

Aka shiga kai-kawo. Aka yi ƙoƙarin matso da akwatin, igiyarsa ta ƙare a bakin falo. Kosasih ya ce Mang Didin ya huda dakalin, Mang Didin ya ce in ya fara yanzu zai gama bayan an yi suna. Baƙi sun fara isowa, maƙwabta da dangi cikin kayan ado, kowa yana tambayar ina silimar da ake ta labari. Lilis ta ce mafi sauƙi a haƙura da ƙasa, kowa ya taru a falo a kalla a kwamfuta. Kosasih ya dubi falon, ya dubi jama'a, ya dubi allon kwamfutar da bai fi faranti ba. Ya ji wani abu ya matse shi a ƙirji, ya rasa ko ciwon ne ko wani abin. Ya zauna a kan buhun shinkafa.

Ba don fim ya yi ta gaggawar gama ɗakin ba. Tun ranar da aka ce ba zai hau jirgi ba ya ƙudurta cewa in ba zai zauna kusa da 'yarsa ba, to zai gan ta da girmanta, kuma dangin angon da za su shiga kiran daga Kediri za su gan shi zaune a gaban jan labule cikin rigarsa ta batik mai zane, ta zuwa biki, su san yarinyar daga gidan mutane ta fito. Bai aika wa Nenden hoto ko ɗaya ba, ya kuma hana kowa faɗa mata.

Dadang ne ya tuna da kebur ɗin masallaci, wanda ake haɗa majigi da shi in an yi babban wa'azi. Ya ari babur ya fita a guje, ya dawo da shi a wuya kamar maciji, ladan yana biye da shi a ƙafa don ya ce ba ya rabuwa da kayan masallaci, kuma ya ji an ce akwai shinkafa. Aka soka kan kebur ɗin a majigi, aka jawo shi ta tsakiyar kujeru, aka hau da shi matakala. Ya ƙare a kan teburin kicin, daidai gefen turmin yaji. Lilis ta haɗa kwamfutar a nan. Sabis ya cika. Daga ƙasa Mang Didin ya ƙwala cewa hoto ya fito.

Lilis ta yi bayani a taƙaice. Jama'a za su zauna a ƙasa su ga komai a babban allo, su ji komai. Amma wanda zai yi magana dole ya zauna a gaban kwamfuta, kwamfuta kuma ba ta barin teburin nan.

Kosasih ya juya ya dubi abin da zai kasance a bayansa: tukwane a rataye, damin tafarnuwa, kalandar mai sayar da gas, da tsumman goge hannu. Ya ce ba zai yiwu ba. Ya ce a kwanto labule ɗaya a rataya. Lilis ta nuna masa wayarta, Nenden ta turo saƙo cewa liman ya iso, shaidu sun zauna.

Emak Icih, mahaifiyar Entin, tana zaune a kan kujera a bakin kicin tana jiran Dadang ya goya ta zuwa ƙasa. Ta tsufa har ta kai inda take faɗin duk abin da ta ga dama. Ta ce, "Engkos, yarinyar nan a kicin ɗin nan aka yaye ta. Labule za a aura ko ita? Sa hularka ka zauna, ni a kai ni kujerar gaba."

Ya shiga ya sa rigar batik, ya kakkaɓe baƙar hularsa. Kafin ya fito an fara sauka. Dadang ya ajiye Emak a kujerar gaba ya dawo ya shige akurkin tikiti, yana yaga 'yan takardun da Kosasih ya zana, yana cewa wanda bai da tikiti ya biya da soyayyar ayaba. Kowa ya sauka sai a ji muryarsa ta canja, mata suna kiran juna su zo su ga taurari, ladan yana tambayar wa ya zana wannan mai kama da Entin. Ƙamshin gugguru da dafaffiyar gyaɗa ya biyo matakala. Kosasih yana jin duk wannan daga kan kujerar katako, a gaban kwamfutar da aka ɗora a kan kifaffen kwano don ta kai tsayin fuskarsa.

Kicin ya zama ba kowa sai shi da Entin. Ya ce ta sauka ta ga 'yarta a babban allo, ya ware mata kujerar da ke bakin hanya. Ta ce gwiwarta ta yi matakalar nan sau ɗaya yau, ya isa. Ta jawo 'yar kujerar da take yankan albasa a kai ta zauna a gefensa, ta gyara masa wuyan riga.

Kiran ya shigo. Fuskar liman ta cika allon, matashi ne mai tabarau, a bayansa ana ganin mutane a zaune a kan darduma. A ƙaramin murabba'i a gefe ga iyayen Gunardi daga Kediri, su ma a zaune a gaban wani kabad na kwanuka. Kosasih ya ga haka ya ɗan saki kafaɗa. Ya nemi Nenden. Tana can baya cikin mata, fari ne kawai ake gani, ba ta fi kan yatsa ba.

Bayan gaisuwa da huɗuba liman ya tambaye shi sunansa da na mahaifinsa, da ko shi ne waliyyin amarya, da ko da yardarsa. Ya amsa. Sai ya ji muryarsa ta taso daga ƙarƙashin ƙafafunsa, a makare, da kauri kamar ta wani babban mutum. Ya rikice ya tsaya, muryar ƙasan ma ta tsaya. Liman ya ce ya ci gaba. Kalmomin da ya yi ta maimaitawa yana fenti suka watse.

Entin ta ɗora hannu a gwiwarsa. Ya ja numfashi.

"Ni Kosasih ɗan Atang, na wakilta ka ka ɗaura auren 'yata..." A ƙasa an yi tsit, ko ƙarar kujera babu. Tukunyar da ke kan murhu ce kaɗai ke huci. Ya ƙarasa. "'Yata Nenden, da Gunardi, bisa sadakin da aka ambata."

Liman ya karɓa. Ya kama hannun angon, wani siririn saurayi da hularsa ta yi masa yawa, ya faɗi nasa, angon ya amsa da numfashi ɗaya ba gargada. Liman ya dubi shaidu, suka ce ya ɗauru. Kosasih ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ƙasan gidan ya ɗauka gaba ɗaya, ya ɗauru, ya ɗauru, da tafi da ƙarar mazaunan kujeru suna naɗewa. A cikin hayaniyar aka ji muryar Emak tana tambayar wane ne wannan tsohon mai kama da Engkos, kuma me ya sa yake kuka. Entin ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Kosasih ya goge ido da tsumman hannu, ya ce tururin shinkafa ne.

Da aka shafa addu'a, hoton ya girgiza, aka ga rufi, aka ga ƙafafu, sannan muryar Nenden ta fito kusa.

"Abah, ka sha maganinka na safe?"

Dariya ta sake tasowa daga ƙasa. Ya ce ya sha. Entin ta ce bai sha ba. Nenden ta ce ta sani, daga fuskarsa ta gane. Hasken taga yana bayanta, fuskarta ta yi duhu a ƙaramin allon, sai haƙoranta da gefen farin mayafi. Ta gaida mahaifiyarta, suka yi 'yan koke-kokensu, ta jawo Gunardi ya durƙusa ya gaishe su yana kiran Kosasih Abah a karo na farko, da kunya kamar zai nutse. Sannan ta matso.

"Wai me ya sa kuke kicin? Kuma wannan ihun daga ina yake fitowa? Ina su Emak?"

Kosasih ya dubi Entin da alamar ta yi shiru. Entin ta ce, "Suna ƙasa. Ubanki ya mayar da ɗakinki silima."

Sai a lokacin Kosasih ya tuna bai taɓa tambayarta ba. Ɗakinta ne. A nan ta yi karatun jarrabawa, a nan ta yi kukan faɗuwa ta farko, a bangon da ya rufe da kwalin ƙwai ta manna hotunanta. Ya fara cewa kayanta suna nan lafiya a cikin akwati, kuma in ta dawo ana iya cire komai a mayar da gado.

"Abah, da labule?"

"Da labule."

"Ja?"

"Ja."

"Da kujeru masu naɗewa?"

"Har da hanya a tsakiya."

"Nuna min. Yanzu."

Daga ƙasa Lilis ta ɗaga murya ta ce kada a taɓa kwamfutar. Kosasih ya riga ya miƙe. Ya ɗauke ta da hannu biyu kamar tiren shayi, ya juya ta yadda za ta ga gaba, ya nufi matakala. Entin ta biyo shi tana tattara kebur don kada ya harɗe shi, tana cewa a hankali, Kang, a hankali. Yana sauka yana bayani, ga inda kujerun suka maƙale ɗazu, ga inda ƙarfe ya ci bango, bari ki ga akurkin tikiti, Mang Dadang ne a ciki. Nenden tana dariya tana cewa duhu kawai take gani. Yana shan kwana, dariyar ta yanke a tsakiya.

Jama'a suka yi gunaguni gaba ɗaya. Lilis ta ce ai ta faɗa, ya koma sama da sauri kafin kiran ya katse. Kawuna suka juyo, kowa yana yi masa nuni da hannu ya koma.

Kosasih bai ji su ba. Daga inda yake tsaye ana hango allon ta cikin ƙofa. Hoton ya daskare a daidai lokacin da ta juya wajen haske ta matso don ta gani. Fuskarta ta cika bangon tun daga labule zuwa labule. Ga furannin yasmin a gefen mayafinta, ga ɗan tabon da ke haɓarta na faɗuwa daga keke, ga kwallin da ya ɗan zubo a gefen ido. Bakinta a buɗe yake da dariya, idanunta a ware. Ta yi ƙiba kaɗan. Ta yi kama da Entin fiye da yadda ya sani.

Ya zauna a kan matakala, kwamfutar a cinyarsa.

"Kang," in ji Entin daga bayansa, "yarinya tana jira."

"Na sani. Bari kaɗan."

Ta leƙo ta saman kansa don ta ga abin da yake kallo. Sai ita ma ta dafa kafaɗarsa ta zauna a matakin da ke bayansa, kebur ɗin a naɗe a hannunta.

A ciki ana ta surutu, wani yana cewa a sake kira, wani yana cewa a kashe a kunna. Emak Icih ta buga sandarta a ƙasa ba tare da ta waiwayo ba.

"Ku yi mana shiru," ta ce. "Ana kallo."

Ɗakin ya yi tsit. Dadang ya miƙo hannu ta 'yar tagar akurkinsa ya kashe fitilun gefe.